Sunan da Ban Kira Ba a Garkar Mirriya

Damagaram, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga 'yata ta fari, uwar Alheri,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kun tashi lafiya ke da jaririyar, ko da yake tsakanin ɗakina da naki taku goma ne, kuma na ji kukanta tun da safe, na san lafiyarta lau. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki bayan wannan jego, ya kiyaye hanyar da za ku bi gobe zuwa Garagumsa, ya sa ku tarar da mijinki Yusufu cikin ƙoshin lafiya.

Za ki yi mamakin samun takarda daga wadda kuke cin tuwo kwano ɗaya. To, tun shekaranjiya ba ki dube ni ido cikin ido ba, kuma kin san bakina: in na buɗe shi don in ba da haƙuri, faɗa ke fitowa. Shi ya sa na yago takardu daga kayen Lami, littafinta na makaranta, na ari bik ɗin Babanku na rubutu, na zauna gindin dogon yaro.

Ga abin da ya haɗa mu, don kada gobe a ce na sāke magana. Muna ɗaurin kaya, na ce tunda kin gama arba'in kuma za ki koma aikinki a likita, wato asibiti, autarmu Lami ta bi ki ta riƙa yi miki raino, ai can ma akwai lakwal, za ta ci gaba da karatu. Kika ajiye zanen da kike ninkewa kika ce, "Mama, bayana ya isa. Ba za a ƙara da na Lami ba." Na ɗauko majanyin gidan nan, wanda na goya ku duka da shi, na miƙa miki. Kika ce in bar abina, kin san shi fiye da kowa. Na yi faɗa har Babanku ya ɗauki rediyonsa ya koma zaure. Kwana biyu ke nan ina juya maganarki. Kin fi ni gaskiya, amma ba duka ba, kuma zan faɗa miki inda kika fi ni da inda ba ki fi ni ba.

Inda ba ki fi ni ba shi ne wannan: ban yi nadamar haihuwar tara ba, ko ɗaya. Na raine ku da albashin malamin makaranta da keken ɗinki, babu wanda ya kwana da yunwa, babu wanda ya je majami'a da yagaggiyar riga. Na san aikina. Wanda ya ce miki gida mai yara da yawa gidan wahala ne kawai, bai taɓa zama tsakar gidanmu da yamma ba, lokacin da Dauda ke ƙera mota da gwangwanin madara da kara, tagwaye suna gina shanu da laka, ana faɗa kan wa ya taka wa wani saniya. Kada ki ɓata hannunki wajen sayen kayan wasan roba. Ki ba yaro kara da laka da tsohon gwangwani, ki bar shi ya yi datti, ruwa zai wanke. Wannan shawara ce ta wadda ta gwada sau tara.

Yanzu sai inda na yi kuskure. Zan fara da ƙarami don hannuna ya saba.

Ranar da Yusufu ya aiko miki da keken tura jariri, puset ɗin nan mai rumfa, na yi dariya har da riƙe ciki, na ce a rairayin Garagumsa sai dai ki ɗauki keken a ka. Ban faɗa miki dalilin dariyar ba. Ni ma na taɓa yin irinsa. Lokacin da na haifi Iliya, wata Baturiya da ke aiki a likita za ta koma ƙasarsu, ta bar mini nata. Ranar Lahadi na ci ado, na kwantar da Iliya ciki, na nufi majami'a ina tafe ina jin kaina. Ba mu yi nisa ba ƙafafun suka nutse cikin rairayi, inda babu rairayi kuma dutse ne, kin san garinmu. Ina turawa ina gumi, matan unguwa suna bakin ƙofa. Wata ta ce, "Madam, bayan naki ciwo yake?" Aka kwashe da dariya. Na ciro yaron, na ɗaura miki shi a baya, na ja keken na mayar gida. Shekararki shida a lokacin.

Keken ya ƙare a ɗaukar bidon ruwa daga famfo har ƙafarsa ta karye. Kuskuren ba fita da shi ba ne. Kuskuren shi ne dariyar mace ɗaya ta sa na yar da abin da zai yi mini amfani a cikin gida. Da na ajiye shi nan inuwa in kwantar da yaro ina girki, da an rage miki rabin goyo. Don haka ki tafi da naki. A hanya ba zai yi miki komai ba, a nan ina kan bakana, amma a tsakar gida da barandar likita zai riƙe miki Alheri. In mata suka yi dariya ki taya su, sannan ki ci gaba da abinki.

Na biyu shi ne saƙa. Kin san a zumuntar mata na koye ta, kuma ba yabon kai ba, babu wadda ta kamo ni. Shekara da shekaru babu jaririn da aka kawo majami'a ba da hulata da safata ba. Son abin ya kai ni har na sa wa tagwaye hular ulu cikin watan Afirilu, kansu ya feso da ƙuraje. Sajfam, ungozomar likita, ta cire hular ta dube ni ta ce, "Madam, yara kike reno ko dankali kike dafawa?" Wannan kam na ji kunya na daina. Ki kiyaye, jaririn ƙasar nan zafi ya fi damunsa, ulu sai watan sanyi, shi ma da safe kawai.

Amma abin da sajfam ba ta gani ba, saƙa hannu biyu take ci. Ina zaune ina yi wa 'ya'yan mutane safa, nawa yana bayanki. Sau nawa kika tsaya kaina kika ce, "Mama, ki koya mini"? Ni kuma in ce, "Bari sai kin sauke yaro." Yaron kuwa ba a sauke shi, in wannan ya fara tafiya wani ya iso. Hannatu ta iya, Saratu ta iya, har Lami ta fara kama ƙugiya. Ke kaɗai ce a cikin 'yan matana ba ki iya ba, kuma na taɓa faɗa gaban baƙi cewa hannunki ne mai nauyi. Ba hannunki ba ne. Ko 'yar tsana ba ki yi wasa da ita ba, tun farko mai rai aka ba ki. Ki yi sana'ar hannu, tana da daɗi, tana kwantar da rai, amma ranar da Alheri ta tsaya kanki ta ce ki koya mata, ki ajiye ko na wane ne ki koya mata a ranar.

Na uku shi ne babba, kuma sai na bi ta baya kafin in iso gare shi.

Kin san tsarin da na yi mana na fita. Duk inda za mu, ko majami'a, ko Kasuwar Dole sayen takalman Nowel, wato Kirsimeti, ko hawan duwatsun bayan Birni lokacin bakans, hutun makaranta, kowane babba yana da ƙaramin da ke hannunsa. Kafin a tashi in tsaya bakin ƙofa in ce, "Wa ke riƙe da wa?" Sannan in kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa. Mata suna zuwa koyon wannan wurina, kuma har gobe ina cewa tsari ne mai kyau, ki yi shi in yaranki sun yi yawa. Rami ɗaya ne a cikinsa, ni kuma ban gan shi ba sai da kika faɗa ciki.

Ina da shekara goma sha takwas na haife ki. Ranar sunanki na ɗaga ki sama ina yi miki wasa, ina kiran sunan da aka sa miki, don ni na zaɓe shi. Iya, uwar Babanku, ta dube ni gaban mata ta ce, "Yarinyar nan ba ta da kunya. 'Yar fari ce fa." Mata suka yi ta dariya. Haka al'ada take, a Hamdara inda na tashi ma haka ne: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane, sai ta yi kamar ba ta san da shi ba. Daga ranar na kama bakina. Kika zama "ke", kika zama "waccan", da ƙannenki suka iso kika zama "Yaya". Matar fasto ta taɓa ce mini wannan ba dole ba ne. Na ce mata ta bar ni da abin da na gada. Har alfahari nake yi a ce matar Mushe, Babanku, akwai kunya, ba a taɓa jin sunan 'yarta a bakinta ba.

Sai ranar Mirriya. Washegarin Nowel ne, kina da shekara goma sha ɗaya, Bitrus yana wata biyar. Abokin Babanku ya gayyace mu garkarsa, muka yi hayar mota, kuna sanye da ankon da na ɗinka muku, yadi ɗaya daga babba har ƙarami. An sha rake, an ci gwaba, 'yan maza sun shiga kwatar ruwa sun jiƙe ɗinkina. Ke kuwa tun safe Bitrus na bayanki da majanyin nan. Da la'asar na karɓe shi zan ba shi nono, na tara tsummokaransa da ya ɓata na ce, "Ke, je ki bakin rijiya ki wanke." Rijiyar tana can ƙarshen garka bayan itatuwan mangwaro.

Mai mota ya fara matsa oda, wai yana da wani lodi a tasha. Aka yi ta kwasar tabarmi da kwanoni da raken da aka ba mu. Na tsaya bakin mota kamar kullum. Dauda, ya amsa. Hannatu, ta amsa. Iliya. Hassana. Usaina. Bitrus yana cinyata. Na ce wa direba, "Mun cika, mu je."

Ba zan yi miki ƙarya ba tunda na ɗauki bik. Ba zuciyata ce ta tuna da ke ba. Mun kusa shiga gari Bitrus ya ɓata jikinsa, na miƙa hannu baya ba tare da na waiga ba na ce, "Ke, miƙo tsumma." Hannuna ya tsaya a iska. Hannatu ta ce, "Mama, ai Yaya ba ta shigo ba."

Ban san da wane baki na sa direba ya juya ba. Duk hanyar ina ganin rijiyar nan a idona, ba ta da murfi. Muka tarar da ke zaune bakin ƙofar garka kan dutse, mai garka yana tsaye kusa da ke. Ba kuka kike ba. Kin ninke tsummokaran kin ɗora a cinya. Da kika gan ni kika miƙe kika ce, "Mama, ba su gama bushewa ba."

Me uwa za ta yi a nan? Ni dai ga abin da na yi. Na ce, "Ina kika tsaya? Ba ki ji oda ba? Ƙatuwa da ke sai an neme ki?" Ina so in rungume ki, ga mai garka, ga direba, ga kunyar 'yar fari. Na karɓi tsummokaran na ce ki shiga mota. Da muka iso gida Babanku ya same ni a madafa ya ce a hankali, "Shida kika ƙirga." Na ce, "Ai ita babba ce, ta san inda mota take." Ya juya ya fita. Na ci gardamar, kamar yadda na saba ci, kuma shekara goma sha biyar ke nan ban ji daɗin wannan cin ba.

A shekarar Mirriya ce kika maimaita aji. Malaminku ya ce kullum sai an buga ƙararrawa kike isowa, kuma kina gyangyaɗi a kilas. Na ce masa ƙwaƙwalwarki ce a hankali take. Yarinyar da ke wanke yara huɗu kafin ta ɗauki jakarta. Yau ga ki kina yi wa mutane allura, da ƙoƙarinki da na Babanku, ni kam ban sa hannu da yawa ba.

Ga shawarata a kan wannan, ki riƙe ta fiye da sauran. In tsoro ya kama ki saboda ɗanki, ki ce masa tsoro kika ji. Kada ki mayar da shi faɗa, yaro ba ya iya fassarawa, faɗan kawai zai tafi da shi. In kina ƙirga yara, ki fara da babba, don shi ne wanda kowa ke zaton ba ya ɓata. Babba ya taimaka, wannan ba laifi ba ne, gida mai yawa ba ya tafiya sai da haka, kuma ƙannenki suna girmama ki yau saboda bayanki suka sani. Amma ki sa wa taimakon lokaci: in ya ɗauka ya sauke, ya je ya yi wasa, ya yi datti kamar kowa. Kuma Alheri 'yar fari ce. Za ki samu tsofaffi a Garagumsa da za su ce ba ki da kunya. Ki gaishe su da ladabi, ki ba su wurin zama, sannan ki kira 'yarki da sunanta a gabansu.

Maganar Lami na janye. Tana nan a ajinta, ba inda za ta. Da safen nan na faɗa mata, ta yi tsalle, ashe ita ma kwana biyu ba ta cin abincin kirki, ni ban lura ba. Ki nemi dattijuwa a can cikin matan majami'a wadda za ta zauna da Alheri lokacin aikinki. Yusufu ma hannu biyu gare shi, kada ki ji kunyar miƙa masa. Kafin ki samu dattijuwar, ni zan zo. Na gaya wa Babanku, mako mai zuwa in na kammala ɗinkin da ke hannuna zan hau mota, in yi muku wata guda. Ya ce wa zai yi masa tuwo. Na ce yana da 'ya'ya takwas a garin nan, ya kira sunayensu, wani zai amsa. Zan zo da ƙugiya biyu da ulu. Hannunki ba shi da nauyi, cikin mako ɗaya za ki yi wa Alheri safa.

Saura majanyi. Mahaifiyata ce ta sa masaƙi ya saƙa mini shi a Hamdara ina da cikinki, fari mai ratsin shuɗi. Kin ce kin san shi fiye da kowa, kuma gaskiya ne, kin san kullinsa a ƙirjinki. Amma akwai abin da ba ki sani ba, don ba za ki iya tunawa ba. Ke ya fara ɗauka. Shekara biyu cur kina bayana, babu kowa sai ke. In na shiga ɗaki na tabbata Iya ba ta kusa, sai in juyo da ke gaba in yi ta kiran sunanki a kunnenki, kina dariya kina kama mini hanci. Wannan ma ya faru. Ban taɓa faɗa miki ba, na bar ki da rabin labarin, mummunan rabin.

Na wanke shi, na ninke, ga shi na naɗe wannan takarda a ciki na ajiye kan akwatinki. In kin ga ba za ki iya ɗaukarsa ba, ki bar shi kan gado, ba zan yi faɗa ba, ko in ce zan yi ƙoƙari. In kin ɗauka, bayanki da nawa kawai zai hau, ba za a ɗaura wa wata yarinya shi ba.

Gobe duk gidan za su raka ki tasha, kin san mu ba ma fita kaɗan. Zan tsaya bakin ƙofa in tambayi wa ke riƙe da wa, in kira sunaye kamar kullum. Wannan karon daga sama zan fara, gaban Babanku da ƙannenki da duk wanda ke wucewa a titi. Ba dole ne ki amsa ba. Na bar ki zaune kan dutse sau ɗaya, in kika bar ni tsaye bakin ƙofa ban ce kin zalunce ni ba. Amma zan kira, kuma zan jira.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye motar da direbanta, ya sa ku sauka lafiya. Ya raya Alheri, ya ba ta ƙanne gwargwadon yadda ke da Yusufu kuke so, ba yadda nake so ba. Ya ba ki haƙurin da ya fi nawa da bakin da ya fi nawa sanyi. Ki gaishe da Yusufu, ki ce ya gyara mini wurin kwana.

Ki yafe mini, Rahila. Allah ya kai ki lafiya, Rahila, 'yata. Ni ke riƙe da ke.

Mamarki